Angala a Tungan Maje

Tungan Maje,
9 ga Maris, 2002.

Zuwa ga Goggo Magdalene,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Baba Leonard da yara duka. Yaya ƙafar da ke damunki? Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ki, tarin ya sake ta. Aiki a kamfaninmu na gilas a Idu ya yi yawa. Tun da farar hula suka dawo kowa gini yake yi a Abuja, kowane gini kuma gilas yake so, har yatsuna sun daina jin yanka.

Goggo, ranar Talata da safe na ga wani abu. Oga ya aike ni Maitama gidan wani Alhaji Tawfiq, darakta a wata ma'aikata, in sa masa gilashin taga. A falonsa akwai akwatin gilas cike da ruwa, kifi na yawo a ciki. Wannan na sha gani a otel. Amma a cikin ruwan nan itace ne a tsaye, a kan ƙafafunsa, kamar tsoho ya tattare wando zai haye rafi. Saiwoyinsa duk a fili, kifi na shiga tsakaninsu suna fita. Ganyen a sama, kore shar, kamar an shafa masa mai. Na sa yatsa a ruwan na lasa, Allah ya yafe mini. Gishiri! Mu da in gishiri ya zube a ƙasa ko ciyawa ba ta ƙara fitowa a wurin. Ina nan tsaye sai Alhaji ya fito ya ce, "Malam, taga aka kira ka ko kallo?" Da dariya ya faɗa. Ya ce daga Legas aka kawo masa. Sunan da ya kira na Turanci bai zauna a kaina ba.

Ga abin da ya sa nake ba ki wannan labari. Ke kika zo da Precious jana'izar Baba har muka ga juna, kuma 'yar ƙanwar mijinki ce, saboda haka ke zan gaya wa. Wata biyar ke nan da bikinmu. Ba faɗa muke yi ba, da ma faɗa ne da na san inda zan kama. Za ta dafa abinci ta zuba mini, nata ta rufe. Da yamma ta zauna bakin rafin bayan gida ta zuba wa ruwa ido. Wata rana ta tambaye ni, "Yaushe ruwan nan yake tafiya?" Na ce da rani. Ta dube ni kamar na zage ta. Zoben aure yanzu juyawa yake yi a yatsanta.

To ranar Talatar da na dawo, na ɗauki gawayi na zana mata itacen a siminti. Ban gama ƙafa ta huɗu ba ta ce, "Angala." Ta karɓe gawayin ta gyara mini zanen. Ta yi ta magana, Turancin kasuwa da 'yar Hausar da ta koya da yarensu duk a haɗe, har tuwo ya huce. Maganar da ta yi ranar ta fi ta wata biyar yawa.

Ki taimake ni da irinsa. Ɗangoggo direba, wanda ke kai doya Fatakwal ya dawo Zuba da kwakwa, shi zai ba ki wannan, shi za ki ba saƙon. Gilas kuwa ina da guntaye.

Ɗanki,
Jonah.


Abonnema,
2 ga Afrilu, 2002.

Ɗana Jonah,

Na ga takardarka, na gode Allah da kuke lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, sai dai hawan kwalekwale ya zama aiki. Ka gaishe mini da mamarka. Ka yi haƙuri da Hausata, shekara ashirin da shida a cikin ruwa ta yi tsatsa.

Kai dai ɗan yayana ne, ba ka bar shi ba. Mutane na roƙon busasshen kifi, kai itacen wuta kake roƙo. Da shi muke girki a nan, da shi muke ƙyafe kifi. Na karanta wa matan unguwa sun yi dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa, wai a Abuja an sa angala a falo.

Ga guda bakwai na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, da jarka biyu na ruwanmu. Ɗangoggo ya ce bai taɓa ɗaukar ruwa zuwa garin da ke da famfo ba. Za ka gan su dogaye kamar kuɓewar da ta wuce lokaci. Ba iri ba ne irin wanda ka sani. Tun yana rataye jikin uwarsa yake tsirowa, sai ya yi ƙarfi sannan ya faɗo. In ya sami laka ya tsaya, in bai samu ba ruwa ya yi ta yawo da shi wata da watanni bai mutu ba. Gefen da ya fi kauri, mai ruwan ƙasa, shi ke duban ƙasa. Kan kuwa kada ruwa ya rufe shi. Yana son rana.

Tambayar da ta yi maka ba ta hauka ba ce. Ruwanmu tafiya yake yi ya dawo, kullum, dare da rana. Ranar da na fara gani, na fito da safe na tarar da jirage zaune a kan laka, kogi ya tafi. Na sa kuka, na ce duniya ta ƙare ban yi sallama da uwata ba. Surukata ta ba ni kujera ta ce in zauna in jira. Ya dawo kuwa. Ni ma shekarar farko na shuka dawa a tsohuwar roba, ƙaguwa ta cinye.

Yanzu ka buɗe kunne. Lucia, uwar Precious, ta ga hoton da kuka aiko na sabuwar shekara. Ta ce wannan ba 'yarta ba ce, ƙashin wuyan 'yarta ne. Ta zo wurin yayanta tana kuka. Leonard ya yi mata alkawari: in Kirsimeti ta matso yarinya ba ta saki jiki ba, da ƙafarsa zai zo ya ɗauko ta. Ka san shi, matuƙin jirgi ne, ba ya faɗin magana biyu. Ba wai ka yi laifi ba. Amma ka sani.

Goggonka,
Magdalene.


Tungan Maje,
18 ga Mayu, 2002.

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Muna lafiya, ruwa ya sauka, doya ta fara hawa sanda. Saƙo ya iso. Maganar Kirsimeti na karanta sau uku na ninke na sa a cikin Littafi Mai Tsarki. Ban gaya mata ba.

Na haɗa akwatin da guntayen gilas masu kauri, tsawonsa taƙi huɗu, na ajiye a baranda inda ranar safe ke faɗowa. Na wanke yashi na shimfiɗa. Na Alhaji na lura akwai sawun zare a wuyansa, alamar rataye shi aka yi tun yana ƙarami don saiwar ta sauko da kanta. Ni ma na gitta kara a saman akwati na ɗaure su bakwai ɗin, gindinsu a ruwa, bai taɓa yashi ba. Na kamo 'yan karfasa biyar a rafi, na riƙa ƙara musu ruwanku kaɗan-kaɗan har suka saba.

Kwana goma sha ɗaya ba abin da ya motsa. Rana ta sha biyu na ga wani ɗigo fari a gindin ɗaya, kamar haƙorin jariri. Washegari uku. Goggo, tun ina goye ake shuka a gidanmu, amma ban taɓa ganin saiwa tana tafiya ba. Ashe abin da ƙasa take ɓoye mana ke nan! Na sa alama da alli a jikin gilas, kullum sai ta wuce alamar jiya. Fara ce, bakinta ja-ja. In ta doshi dutse, tun kafin ta taɓa shi sai ta karkata. Wa ya gaya mata? Ba ido, ba kunne. Nakan durƙusa a wurin har in kusa rasa motar Idu.

Wani abu kuma. Ruwa yana raguwa da rana, amma da na lasa sai na ji gishirin ya ƙaru. Ashe rana ruwa kawai take sha, ta bar gishiri. Saboda haka da ruwan sama nake cikawa, jarkarki guda na ajiye.

Tafiyar ruwa ma ina yi musu. Da asuba in kwashe rabi da ƙwarya in zuba a baho, in na dawo aiki in mayar. Na dare na bar wa Allah. Kure mai facin taya, maƙwabcinmu, ya ce, "Jonah ya auro matar ruwa, yanzu kuma noman ruwa yake yi. Bana a buhu za ka girbe ko a bokiti?" Yaran unguwa suna kiransa talabijin ɗin Jonah.

Ita kuwa wadda aka yi dominta, in za ta wuce kauda kai take yi. Sau ɗaya ta tsaya, ina riƙe da ƙwarya, ta ce, "Ruwa ba ya bin ƙararrawar kamfani." Ta shige. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

Ga tambayata. Huɗu sun buɗe ganye biyu-biyu, amma ganyen guda biyu daga cikinsu ya fara rawaya. Ina ganin yunwa ce. Saiwar nan tsirara take, ba abin da take ci sai ruwa. Na Alhaji yana da inji da magani a kwalba, nawa ba su da kowa. Kin san Baba, in ruwa ya wanke tudun doya, ba ya karya kumallo sai ya mayar da ƙasa. Yakan ce saiwa a waje tsiraicin manomi ne. In rufe su? In sa taki? Zan jira amsarki zuwa ƙarshen Yuni.

Ɗanki,
Jonah.


Tungan Maje,
14 ga Yuli, 2002.

Goggo,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ko? Sati takwas ba amsa. Na je Zuba sau huɗu, ba Ɗangoggo ba motarsa. Wannan ta gidan waya zan aiko. In ciwo ne ki sa yaro ya rubuto. In kuma an riga an yanke magana ne kina jin nauyin gaya mini, ki faɗa, Goggo. Na fi son in ji da in yi ta ƙirga kwanaki.

Na yi ɓarna. Da Yuni ya ƙare na ɗebo baƙar ƙasa daga gonar Baba, na haɗa da kashin akuya wanda ya ruɓe sosai, mai kyau, na tara wa kowanne tudu har wuya kamar yadda aka koya mini. Na daina kwashe ruwa don kada tudun ya rushe. Na ji daɗi ranar, na ce yau sun ci abinci.

Kwana biyu ruwa ya yi kore. Kwana huɗu ya yi baƙi. Safiyar rana ta biyar na fito na tarar da karfasa biyar ciki a sama, ganye ya langaɓe, ga wani wari kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai kwando guda. Kure ya leƙo ta katanga da riga a hanci ya ce, "An yi girbi ke nan?" Na zauna a dakali na rasa abin da ke mini daɗi.

Sai ga Precious ta fito, zani a ƙirji, ido bai gama buɗewa ba, tana shaƙar iska kamar mai bin ƙanshin suya. Ta faɗi wata magana da yarensu. Daga baya ta ce mini ma'anarta, ruwa ya janye. Wai tana kwance ta ji warin lakarsu, ta ɗauka a ɗakin uwarta ta farka. Goggo, da gaske haka garinku yake wari? Warin da ya kori maƙwabta shi ya fito mini da matata.

Da ta ga akwatin kuwa ta kurma ihu. "Manomin doya! Wa ya ce maka doya ce? Ka toshe musu hanci!" Na miƙa hannu zan taimaka ta buge shi. Ta zura hannu biyu har kafaɗa cikin baƙin ruwan nan tana kwashe ƙasa tana watsarwa tsakar gida. Ta ciro su ɗaya-ɗaya tana latsa gindi da farce. Huɗu sun yi laushi, ta jefar. Uku da sauran ƙarfi. Ta wanke musu saiwa a hankali kamar mai wanke cibiyar jariri. Ta sa na kwashe komai na wanke gilas. Ta buɗe jarkar da na ajiye, ta riƙa haɗawa da ruwan sama tana ɗanɗanawa kamar miya, ta ƙara wannan, ta ƙara wancan, har ta gyaɗa kai. Ƙasar ma ba duka ta zubar ba, ta bar tafi biyu a ƙarƙashin yashi. Ta ce laka ba laifi, amma sai an bar su sun sha iska, akuya kuma ba ta zuwa teku.

Ban je aiki ba ranar. Da rana ta ci tuwo malmala biyu tana zagina tsakanin loma da loma. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba.

Ta karɓe ƙwaryar, ta ce kada in ƙara taɓawa. Amma zancen zama ko tafiya ba ta ce komai ba, ni ma tsoro ya hana ni tambaya.

Ɗanki,
Jonah.


Jonah, ka yi haƙuri. Mota ta lalace a Okene sati biyar, da aka gyara kuma oga ya juya ni hanyar Onitsha. Takardar nan tana aljihun mota tun watan Yuni, yau na gan ta. Ɗangoggo, 19 ga Agusta.

Abonnema,
7 ga Yuni, 2002.

Ɗana Jonah,

Muna lafiya, ina sauri, direba yana jira. Kada ka rufe su! Kada ka sa taki! Ka bar hannun ubanka a gona. Leonard ya ce rawayan ganye ba yunwa ba ce, ta nan itacen ke tara gishirin da ya yi masa yawa ya yar. Ka goge ganyen da ruwan daɗi kawai.

Precious ta rubuto wa uwarta a watan jiya. Ban ga takardar ba, amma Lucia ta share ɗakinta ta sa sabon labule. Leonard ya riga ya nemi hutu, satin da Kirsimeti za ta kama. Na yi magana har bakina ya gaji. Ka shirya zuciyarka, ɗana.

Goggonka,
Magdalene.


Tungan Maje,
25 ga Agusta, 2002.

Goggo,

Gaisuwa. Na gode Allah da ba ciwo ba ne. Muna lafiya, an fara cin sabuwar doya. Takardarki ta Yuni sai ranar Litinin ta zo. Da ta zo a kan lokaci da huɗu ba su mutu ba. Da kuma ba su mutu ba, ban san ko da ta fito baranda ba. Na bar wannan ga Mai sama.

Na karanta mata takardar duka, har da ta farko da na ɓoye. Ta saurara, ta ce, "To." Ta duba inuwa a bango, ta tashi ta ɗauki ƙwarya. Wannan "to" na juya ta ta kowane gefe ban san inda ta dosa ba. Ga dai abin da na yanke. Ba zan riƙe ta ba. Na riga na ga abin da ke faruwa in mutum ya tara ƙasa a kan abin da bai sani ba don yana sonsa.

Bari in gaya miki abin da na gane game da ƙararrawar kamfani. Ba lokaci ɗaya take kwashe ruwa ba. Na sa ido a ranakun da nake gida, Mama kuma tana duba mini sauran. In yau ta kwashe da hantsi, gobe sai ta ƙara kusan awa guda, jibi haka, har ya zagayo. Ba ta da agogo. Wata take kallo. In ya cika, ko in ya ɓace, sai ta cika akwatin har kusa da ganye, ta kuma kwashe har yashi ya fito. In yana rabi, kaɗan take taɓawa. Na ce wa ya koya miki? Ta ce wa ya koya maka sanin ranar da ruwan shuka zai sauka?

Goggo, ashe watan nan da muke gani a kan dutsen Zuma, shi ne ke jan kogi a ƙofar gidanku ya sake shi? Tun da na gane haka, in na ɗaga kai sai in tsaya ina kallonsa. Shekara ashirin da bakwai ina ganinsa, na ɗauka fitila ce kawai.

Ukun nan suna nan. Saiwarsu ta kama yashi, mun kwance zare, sun tsaya da kansu. Babban yana da ganye shida. Kullum tana goge su da bakin zaninta.

Ɗanki,
Jonah.


Abonnema,
10 ga Nuwamba, 2002.

Ɗana Jonah,

Lafiya lau muke, ka gaishe da kowa. Takardunka biyu rana ɗaya suka zo, ta gidan waya da ta direba. Na yi dariya a ta farko na yi kuka a ta biyu. Eh, haka garinmu yake wari, ka iya bakinka.

Na karanta wa Leonard. Ya ce takarda takarda ce, alkawari kuma alkawari ne, sai idonsa ya gani bakin yarinya ya faɗa. Zai shigo doguwar bas ya sauka Zuba ranar Asabar, ashirin da ɗaya ga Disamba. Zan ba shi wani gwangwani ya kawo. Ba naka ba ne, nata ne. Kada ka roƙe shi, ba ya son roƙo. Ka ba shi kujera.

Goggonka,
Magdalene.


Tungan Maje,
23 ga Disamba, 2002.

Goggo Magdalene,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Muna lafiya. Baba Leonard zai riga wannan isowa, amma na san shi, kalma uku zai ba ki. Bari in ba ki sauran.

Ban bi maganarki duka ba. Na roƙi Baba Zacharias, dattijon cocinmu, ya zo ya yi magana a madadina. Ranar Asabar tun bakwai na safe yana zaune a baranda da Littafi a cinya, ya sa takarda a wuri uku. Mama ta yanka kaza.

Wajen ƙarfe tara na iso da Baba Leonard daga Zuba. A hanya bai ce mini komai ba sai, "Garinku ba ruwa." Muka shigo, Precious na durƙushe gaban akwati tana kwashe ruwa. Ta gaishe shi daga inda take, ta ce ya yi haƙuri hannunta a jiƙe. Na kawo kujera. Bai zauna ba. Ya tsaya a kan itatuwan nan uku, ya duba saiwa, ya murza ganye ɗaya, ya sa yatsa ya lasa. Sannan ya duba agogonsa. Ya tambayi Mama yaushe wata ya cika, ta ce shekaranjiya. Ya ƙirga a yatsu, ya sake duba agogo, ya dubi layin ruwa a jikin gilas. Sai ya cire hula. Ya ce, "Yanzu haka jirgina ya fara zama a kan laka."

Goggo, tafiyar dare guda a mota tsakaninmu da ku. Ruwa yana sauka a ƙofarki, yana sauka a barandata.

Ya mayar da hula ya ce mata, "Uwarki ta aiko ni." Baba Zacharias ya buɗe wuri na farko ya gyara murya. Precious ta ce, "Kawu, wa yake tashi ruwa na janye? Zauna sai ya dawo." Ya dube ta, ya dubi kujerar, ya zauna. Baba Zacharias ya rufe Littafi.

Aka ci kaza. Ni ban san abin da na ci ba. A nan ya tuna da gwangwaninki ya miƙa mata. Laka ce a ciki da 'yan katantanwa, ƙanana kamar ƙwayar masara, guda tara. Ta yi dariya ta zuba su a gindin itatuwan. Suka lafe kamar tsakuwa. Kure ya shigo da taya a kafaɗa wai gaisuwa ya zo yi, ya ce, "Yau kuma dabbobi aka kawo wa gonar?"

Rana ta ɗan karkata, ta duba inuwa, ta jawo baho. Ba ta riga ta zuba ko ƙwarya ɗaya ba, na rantse, sai na ga ɗaya ta fito da ƙaho ta kama jikin babban itacen ta fara hawa. Wata ta bi ta. Kafin ruwa ya rufe yashi duk taran suna sama, a jere, kullum ɗan yatsa guda gaba da ruwa. Kwana biyu suna cikin gwangwani a duhu, a cikin jaka, a cikin bas, amma ba su manta lokaci ba. Kure ya ajiye taya. Tun da na san shi ranar na fara ganin bakinsa a buɗe ba magana.

Da ruwa ya kai layinsa Baba Leonard ya ce, "To, ya dawo. Me zan gaya wa Lucia?"

Ta goge hannu a zani. Ta ce, "Ka gaya mata takardar da na rubuta ta watan Mayu ce, yanzu Disamba muke. In na tafi, wannan manomin doyan zai sake yi musu tudu." Kowa ya yi dariya ban da ni. Ta ce, "Ka ce ita ta zo, watan Yuni. Ta zo da jarka biyu, da hannun wankan jariri."

Goggo, ni ma a wannan bakin na fara jin tana da juna biyu. Mama ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa sai na zauna a ƙasa kusa da baho. Baba Leonard ya dube ni ya ce, "Tashi, ruwa bai ƙare a duniya ba." Ashe ya san labarinki na ranar da kogi ya tafi.

Jiya bayan coci na raka shi Zuba da doya goma sha biyu, shida naki shida na Mama Lucia. Kujera ta biyu da ya saya wa Precious a bas, doyar ce ta zauna a kai.

Na san matan unguwarku za su ce Jonah ya ƙara gishiri, musamman zancen katantanwa. Ni ne ɗanki Jonah, kuma ba ni kaɗai na gani ba. Mama ta gani. Baba Zacharias ya gani, Littafi a hannunsa. Kure mai facin taya ya gani, shi da ba ya yarda da komai. In duk waɗannan ba su isa ba, ki tambayi mijinki.